Hukuncin Naman Dabbar Da Aka Sumar Kafin Yanka A Beljiyam

Tambaya: Malam, ina zaune da iyalina a Antwaf, ƙasar Beljiyam. An hana yanka dabba a yankinmu sai an sumar da ita, kotunan Turai kuma sun goyi bayan dokar. Mahaucinmu Musulmi ne, ya ce tumaki lantarki ake sa musu a kai sannan a yanka. Wani abokina ya ce ma in daina wahala, in sayi nama a kowane kanti in yi bisimilla. Ina mafita, kuma ya zan yi da layya?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara maka tsantseni. Dokar Filandas, yankin da Antwaf take ciki, ta fara aiki ne a farkon 2019, Kotun Tarayyar Turai ta ce ba ta saɓa dokar Tarayyar ba a Disambar 2020, Kotun Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta bi sahu a Fabrairun 2024. Hukuncin ya ƙuntata wa Musulmi da Yahudawa, amma kotu ba ta halatta nama, ba ta haramta shi. Abin dubawa shi ne: wuƙa ta sami dabbar da ranta?

Kalmar mahaucinka "a kai" ita ce ta sauƙaƙa lamarin. Lantarkin da ake sa wa tunkiya a kai kaɗai suma yake sa ta, da za a bar ta za ta farfaɗo. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta halatta irin wannan da sharaɗin dabbar ba ta mutu kafin yanka ba. Ka ci tumakin. Amma ka koma ka tambaye shi shanu da kaji. Bindigar da ƙarfenta ke huda ƙoƙon kai majalisar ta hana ta, mu Malikawa kuwa dabbar da aka tarwatsa wa ƙwaƙwalwa yanka ba ya halatta ta ko tana shure-shure. Kaji ma majalisar ta hana sumar da su da lantarki, domin da yawa suna mutuwa kafin su isa wuƙa.

Maganar abokinka ba zan bar ta ba. Masu faɗarta suna kafa hujja da ayar abincin Ahlul Kitabi da fatawar Alƙali Ibnul Arabi, malamin Malikiyya, cewa ana cin kazar da Kirista ya murɗe wa wuya. Ayar tana cikin Ma'ida, ayoyi biyu bayan wadda ta haramta mushe da maƙararriya da wadda aka buge ta mutu. Yaya abin da ya haramta daga hannun Musulmi zai halatta daga hannun wani? Ibnul Arabi da kansa ya ce a wani wuri abin da Ahlul Kitabi suka shaƙe ko suka fasa wa kai mushe ne. Hadisin "ku ambaci sunan Allah ku ci" kuwa kan naman sababbin Musulmi ya zo, waɗanda yanka suke yi, shakkar kan bisimillarsu ce kawai. Kai kuma ba ka cikin lalura: majalisar dokokin yankin Burasel, babban birnin ƙasar, ta ƙi amincewa da irin wannan hani a 2022, kuma ba a hana shigo da nama daga waje ba.

Layya ta inganta da ragon da aka sumar ta wannan hanya. In zuciyarka ba ta natsu ba, ka wakilta wani ya yanka maka a ƙasarku ta asali. Abin da nake roƙonka, kada ka ɓuya ka yanka rago a gareji ko bayan gida. Layya sunna ce mai ƙarfi, ba za ka jefa takardunka da zaman 'ya'yanka cikin haɗari saboda ita ba, ka kuma ba masu neman ƙara tsananta doka hujja a kan 'yan'uwanka. Kuma kada ka ƙi cin abincin gidan Musulmin da ya bi fatawar wani malami, ka yi masa bayani a hankali ku biyu. Wallahu a'alam.