Tiyatar kyauta ta zo gari: in je ko in haƙura?

Duk lokacin da aka yi shela a rediyo ko a ƙofar masallaci cewa likitoci sun zo yin aiki kyauta, wayata ba ta hutawa. Ga huɗu daga cikin saƙonnin da suka taru, na sakaya sunayen masu su.

Wani magidanci daga Gangare: Likita, shekara uku ina fama da gwaiwa, kuɗin aiki ya gagare ni. Na ji baƙin likitoci za su zo na mako guda, amma abokina ya ce koyon aiki suke zuwa yi a jikinmu. In je?

Malam, ka je, amma ka tafi da tambaya a bakinka. Akasarin waɗanda na yi aiki da su ƙwararru ne, da hutunsu da kuɗin aljihunsu suke zuwa. Kuma buƙatar a fili take: a 2015 wani kwamiti na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da halin samun tiyata mai inganci idan buƙata ta taso. Ban da haka, baƙon likita ba shi da hurumin taɓa wuƙa a Najeriya sai ya karɓi lasisin wucin gadi daga hukumar MDCN mai rajistar likitoci. Saboda haka batun koyon aiki ba shi ne ya fi damuna ba.

Abin da ke damuna shi ne bayan sun hau jirgi. Aikin gwaiwa bai cika wuce awa guda ba, amma ciwon yakan nuna halinsa ne a kwana na biyar ko na bakwai, lokacin da baƙo ya riga ya isa gida. Na taɓa karɓar wani dattijo da aka yi wa aiki a irin wannan zuwan, wurin ya ruɓe yana zubar da mugunya, ko guntuwar takarda ba a ba shi ba. Sai da muka yi ta laluben abin da aka yi masa a ciki kamar masu duba.

To ka tambaye su: a wane asibiti za a yi, wane likita na gida ne zai duba ka bayan sun tafi, kuma za a ba ka takardar bayanin aikin? Idan sun amsa ba tare da kame-kame ba, bismilla. Kai ma ka riƙe naka ɓangaren. Kada ka ɓoye hawan jini ko ciwon suga don tsoron a cire ka daga layi, kuma idan an ce kada ka ci komai awa shida kafin aiki, har da koko ake nufi. Sannan idan ƙullin ya sauko ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai, babu maganar jiran kowa. Asibiti a daren nan, hanji ne ya shaƙe.

Wata uwa daga Bukuru: Na haifi yarinya da tsagaggen leɓe, makonta shida. An ce akwai jirgin ruwa mai asibiti da ke gyarawa kyauta. Yaushe zai zo?

Barka da arziki, Allah ya raya. Jirgin gaskiya ne, na ƙungiyar Mercy Ships da aka kafa a 1978, kuma ya sha tsayawa a Kwatano da Duwala da Dakar. Sai dai, 'yar'uwa, mu a Jos duwatsu muke da su, ba teku ba. Ba ki ma buƙatarsa. Ƙungiyar Smile Train tana biyan kuɗin wannan aikin a asibitocin Najeriya da dama, likitocinmu na gida ne suke yi, kuma ni wannan tsarin ya fi kwanta mini, domin mai ɗinkin yana nan idan kin dawo. Ki kai ta JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo, ki nemi sashen masu gyaran fuska da baki, su ɗora ki a hanya.

Yawanci ana ɗinke leɓe tsakanin wata uku zuwa shida, ganɗa kuwa, idan ita ma ta tsage, sai wajen shekara guda. Aikinki yanzu shi ne ta yi ƙiba, don ba a yi wa ramammen jariri. Idan kama nono yana yi mata wuya, ki tatsa ki ba ta da cokali ko ƙaramin kofi, tana zaune a jikinki ba kwance ba. Masu cewa aljanu ne ko wani abu kika ci, ki bar su da bakinsu.

Wata baiwar Allah daga Rikkos: Ƙanwata a ƙauye ta yi naƙudar kwana uku, tun daga nan fitsari ke zuba. Mu jira masu zuwa?

Kada ku jira, Hajiya. A garin nan akwai cibiyar masu yoyon fitsari a asibitin Jankwano, shekara da shekaru wannan aikin suke yi. Akwai kuma cibiyoyin tarayya a Ningi da Babbar Ruga ta Katsina, inda likitan nan ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya zauna shekaru masu yawa yana ɗinki yana koyar da 'yan ƙasa. Idan haihuwar ba ta daɗe ba, wani lokaci robar fitsari kaɗai da aka bari na 'yan makonni takan sa ƙaramar ɓula ta rufe. Idan kuwa sai an ɗinke, ɗinkin farko shi ya fi kamawa, duk wanda ya biyo baya sai ya tarar da tabo. Shi ya sa ba na son a miƙa ta ga wanda ba sana'arsa ba ce. A faɗa wa maigidanta tun yanzu: bayan aiki akwai haƙurin watanni, kuma haihuwa ta gaba a asibiti ce, ta hanyar tiyata.

Wata dattijuwa daga Unguwar Rogo: Maƙoƙo nake da shi, in sa sunana?

Baba, a wannan kam ban ba ki shawara ba, sai in a babban asibiti za a yi. Maƙoƙo sai an auna jini an ga yadda yake aiki, wani sai an sha magani ya lafa kafin wuƙa. Bayan an cire, jini na iya taruwa a wuya ya toshe numfashi a daren farko, kuma in duka aka cire za ki riƙa shan ƙwaya kullum har ƙarshen rayuwa. Ki sa jikanki ya kawo ki a fara da gwajin.