Kwatar Unguwarmu Ta Toshe, Wa Za Mu Kama?

Tambaya: Malam, duk damina ruwan kwata sai ya shiga gidajenmu a Mabera. Wanda muka zaɓa kuwa, tun ranar ƙuri'a ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Ina za mu kai kuka? Daga wata uwa a Sakkwato.

Amsa: Hajiya, abin ya taɓa ni, don ni ma na sha kwashe ruwa da bokiti cikin dare. Tsarin mulkin 1999 ya sa gyaran magudanun ruwa cikin ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu na kuɗin tarayya kai tsaye. Ku sami mai unguwa, magidanta su sa hannu a takarda, a kai wa kansila da ciyaman. Ku riƙe kwafi mai hatimi, bayan sati biyu ku koma da shi.