Fim ɗin gidan aljanu: kuɗin naka ne, tashar fa?

Tambaya: Kayan waya nake sayarwa a Kano. Kwanaki na kalli wani tsohon fim ɗin tsoro, The Haunting, ranar da ƙyar na yi barci. Ƙanena mai ɗaukar bidiyon biki ya ce in ba shi naira miliyan 4 daga jarin shago mu yi irinsa a tsohon gidan kakanmu, a ɗora a tasharsa ta YouTube. Wai a Amurka an yi wani da dala 15,000 ya kawo miliyoyi. In ba shi?

Amsa: Malam, kan fim ɗin bakinmu ɗaya. Robert Wise ne ya yi shi a 1963, baƙi da fari, kuma har ya ƙare ba a nuna maka fatalwa ko ɗaya ba. Bugu kawai kake ji a jikin bango, sai ƙofar katako ta riƙa kumbura kamar mai numfashi. Ni ma da fitila a kunne na kwana. Sai dai kimanin dala miliyan 1 aka kashe masa, kuma abin da ya shigo daga sinima da ƙyar ya kai hakan. Yabon ya zo daga baya, shi kuwa yabo ba ya biyan kuɗin haya.

Na dala 15,000 ɗin Paranormal Activity ne. Oren Peli ya ɗauke shi a gidansa, aka fara nuna shi a 2007, amma sai 2009 kamfanin Paramount ya baza shi sinimomi da talla, ya tara wajen dala miliyan 190. Ƙanen naka yana da Paramount a aljihu?

Ba ma wannan ya dame ni ba. Kalma ɗaya ce a wasiƙarka: “tasharsa”. Kuɗi naka, tasha tasa, imel nasa, asusun da za a riƙa turo kuɗi nasa. Kai me ka riƙe? YouTube bai san wa ya sayi man janareta ba, mai tasha yake biya. Shi ma sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin a soma zancen kuɗin talla, sannan kashi 55 cikin 100 ne nasa.

Wani mai atamfa ya taɓa zuwa wurina rai a ɓace. Ya ba ɗan yayarsa kuɗi ya shirya wasannin barkwanci, tasha ta yi albarka. Ranar da ya nemi rabonsa yaron ya sunkuyar da kai ya ce, “Kawu, ai na ɗauka taimako ka yi mini.” Uwar yaron ta shigo da kuka, dattawa suka ce a bari saboda zumunci. Na ce ina takarda? Ya zaro waya ya nuna mini alat ɗin banki. Shi ke nan shaidarsa.

Ban ce ƙanenka maci amana ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur’ani, cikin Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma ba ta cire ’yan uwa ba. Ku zauna gaban shaidu biyu ku rubuta: bashi ne ko haɗin gwiwa? Kashi nawa na wa? In aka faɗi, wa zai ɗauka? A buɗe sabuwar tasha da imel ɗinka da asusunka, shi ka ba shi izinin ɗora bidiyo. Gidan kaka ma, in gado ne, sauran magada su sa hannu tun yanzu, don ranar da kuɗi ya shigo kowa zai tuna ɗakin babansa aka haska.

Miliyan 4 kuwa kada ta bar shago. Ware 400,000 daga riba, ya yi gajere na minti 10, ɗaki ɗaya da ƙofa ɗaya, ya kawo rasit na kowane kwabo. In ya ɓata rai da ka ambaci takarda, mayar da kuɗin ka saro caja.