Tsumma a saman silin yana tare zafi, amma ka san irin tsumman

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya shimfiɗa tsofaffin tufafi a saman silin don rage zafin ɗaki ba tare da ka jawo wa kanka gobara ba. Na yi hakan shekara huɗu da suka wuce, kuma ɗakin ya yi sanyi sosai. Ko a Amurka da Faransa akwai masana'antun da ke sarrafa tsofaffin wandunan jins don wannan aiki, sai dai nasu ana sa masa sinadarin da ke jinkirta kamawar wuta tun a masana'anta.

Fara da tantance kayan. Yanki ɗan ƙyalle daga kowane iri, ka riƙe da filaya a waje ka sa masa ashana. Ulu zai yi ƙaurin gashi ya mutu da kansa. Yadin roba zai narke yana ɗiga da baƙin hayaƙi, wannan ka ware shi gaba ɗaya, haka ma soson katifa. Auduga ce mai yaudara. Na taɓa kashe wani ƙyalle da na gwada, na ajiye a kan bulo na tafi. Da na dawo bayan kamar minti 20 rabinsa ya zama toka, babu harshen wuta ko kaɗan, tana ci a ɓoye kamar wutar ƙaiƙayi. Ka yi tunanin haka a saman kanka da tsakar dare.

Shi ya sa na wanke nawa, na tsoma a ruwan zafi lita 2 da aka narkar da garin sinadarai biyu, borax giram 200 da boric acid giram 85, na shanya har ya bushe ƙayau. Wannan yana jinkirta kamawa ne kawai, bai hana ƙonewa ba, kuma ruwa yana wanke shi. In rufinka na yoyo, gyara shi tukuna, don jiƙaƙƙiyar auduga ba ta tare zafi, sai fumfuna da nauyi.

Kada ka danƙara tsumman, iskar da ke tsakanin zaren ita ce ke aikin. Ka bar fili tsakaninsa da kwanon rufi.

Wayoyin lantarki duk su shiga bututu, mai wayarin ya duba kowace mahaɗa, kuma kada tsumma ya rufe kan ƙwan fitila ko ya taɓa bututun hayaƙi. Silin ɗin ya zama allon jifsam, ba kwali ko roba ba. Ni har na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi na maƙala, kuma duk wata nakan danna in ji ko batir na nan.