Amsa: Me ya sa letrozole ya daina yi wa Umma aiki?

'Yar'uwa, Allah ya ba Umma lafiya. Kin ce ta shekara da shekaru tana shan letrozole saboda sankarar nono, yanzu ciwon ya ɓulla a ƙashi, likita ya ambaci ESR1, kina tsoron ko sakaci ne ko kuma gado. Na daɗe ina aikin jinya a sashen masu ciwon daji, ga abin da na sani.

Kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar nono da istirojin, wani sinadari da jikin mace ke samarwa, take rayuwa. Letrozole da 'yan'uwansa, anastrozole da exemestane, hana jiki samar da shi suke yi, ƙarin, wato kumburin ciwon, ya ji yunwa. ESR1 kuwa ita ce ƙwayar halittar da ke ƙera wurin da istirojin ke sauka a cikin ƙwayar ciwon. Idan ta sauya, wurin nan sai ya zama kamar makunnin fitilar da ya maƙale a kunne, ko babu istirojin ciwon girma yake, shi ya sa letrozole ke daina aiki. A 2013 masu bincike suka tabbatar da yawan hakan, kuma sauyin da aka fi gani su ne waɗanda likitoci ke kira Y537S da D538G.

Na taɓa ganin wata dattijuwa ta zo da jaka cike da fankon kwalayen magani, ta zube su a gaban likita tana kuka, don a shaida ba ta taɓa tsallake rana ba. Ya yi mini ciwo ƙwarai, domin babu laifinta ko kaɗan. Da wuya a sami wannan sauyi a farkon ciwo. Yawanci sai an jima ana shan maganin yake bayyana. Kuma a cikin ƙarin yake faruwa, ba a haifi Umma da shi ba, ba za ki gada ba. Sauyin wasu ƙwayoyin halitta irin su BRCA1 da BRCA2 ake gado, zancensu daban.

Da jini ake iya gano sauyin ESR1, ba lallai sai an sake yanko tsoka ba. In an same shi akwai hanya: allurar fulvestrant, da ƙwayar elacestrant da Amurka ta amince da ita a Janairun 2023 musamman don masu wannan sauyi. Ki tambayi likitanta ko za a yi gwajin, kuma don Allah kada Umma ta ajiye maganin da kanta kafin ya canza mata.