Murɗar ciki mai tafiya tana dawowa: amsoshin likita

Tambaya: Likita, duk ranar da na ci wake sai cikina ya kumbura. In daina ci ne? (Wani mai gadi, Obalende)

Amsa: A'a, rage yawa dai. A jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan kafin a dafa.

Tambaya: An ce ina da IBS, wato ciwon rikicewar motsin hanji. Yana rikiɗewa ya zama ciwon kansa? (Wata baiwar Allah, Agege)

Amsa: Ba ya rikiɗewa, Hajiya. Amma in kin ga jini a bahaya ko kina ramewa, ki koma asibiti.

Tambaya: Shekara 2 ke nan, yau gudawa, gobe bahaya ya ƙi fita. An ce dattin ciki ne. Duk wata ina shan Flagyl da ja-da-yalo, in bi da agbo, jiƙon gargajiyar nan na Yarbawa. (Wani mai albasa, Mile 12)

Amsa: Haba Malam! Wa ya ce hanji kwata ce da ake yashewa duk wata? A babban hanjinka akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, su kake kashewa. Flagyl kuwa in an daɗe ana sha, yana taɓa jijiyoyi, ƙafa ta riƙa dindiris. Wani agbon ma da giya ake jiƙa shi. Ka daina yau ɗin nan.

Bayaninka ya yi kama da IBS: hanji lafiya lau a gwaji, amma motsinsa ya rikice, iska kaɗan ta zama ciwo. Damuwa da rashin barci suna tayar da shi, ga ka kullum da sauke kaya tun kafin asuba. Albasar taka ma tana cikin masu kumbura ciki, ita da tafarnuwa da madara da lemon kwalba.

Akwai kuma wani ciwon daban, wanda ƙwayoyin ke yin yawa a ƙaramin hanji, inda bai kamata su taru ba. An fi ganinsa ga mai ciwon suga, ko wanda aka yi wa tiyatar ciki, ko wanda ya daɗe a kan Omeprazole, maganin olsa. Shi kam yana buƙatar magani, galibi na kwana 14, amma likita ke zaɓa, ba mai kemis ba. Da gwajin numfashi ake nemansa.

Ka je asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja, ka tafi da kwalayen magungunan da ka sha. In gudawar tana tashe ka cikin dare, ko da jini, ko zazzaɓi, ko ka haura shekara 50, kada ka jira sai kasuwa ta lafa, ka je cikin makon nan.