Yaro mai galahanga da bai rabu da famfas ba: amsa ga mai tambaya

Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Kin ce ɗanki shekararsa 4 da rabi, likita ya tabbatar yana da galahanga, wato otizim, kalmomin bakinsa ba su da yawa, kuma har yau yana cikin famfas. Da kin ɗora shi a kan fo sai ya sandare yana ihu, yana sauka kuma ya yi a wando. Kina tambaya ko ki ƙyale shi sai bakinsa ya buɗe.

Kada ki jira bakinsa. Magana daban, riƙe fitsari daban, kuma akwai yaran da ba su taɓa furta kalma ba amma suna kai kansu banɗaki. Alamomin da ake cewa a jira, kamar yaro ya ce ya jiƙe ko ya nuna ƙyamar famfas mai datti, da yawa daga masu galahanga ba za su nuna su ba, domin saƙon da jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa cewa mafitsara ta cika yakan zo musu a makare ko a dishe. Abin da ake bukata shi ne ya iya zama a bushe na awa ɗaya zuwa biyu, ya kuma iya zama wuri ɗaya na ɗan lokaci.

Sai dai kafin ki sake ɗauko fo, ki duba cikinsa. A nan ake yawan faɗuwa. Taurin bayan gida ya zama ruwan dare a wajen waɗannan yara, saboda tsandar abinci, ƙarancin shan ruwa da kuma riƙewa. Da zarar ya taɓa yin kashi mai tauri ya ji zafi, sai ya riƙe na gaba. Hanji kuwa aikinsa tsotse ruwa, don haka wanda aka riƙe ya ƙara bushewa, fitarsa ta ƙara zafi, riƙon ya ƙaru. A hankali ƙarshen hanjin yakan buɗe ya saki, har yaro ya daina jin cewa ya cika. Daga nan sai kashi mai ruwa daga sama ya riƙa zagaye mai taurin yana tsiyayowa a wando ba da saninsa ba. Uwa ta gani ta ce gudawa ce, ta ba da maganin tsayar da gudawa, garin gyaran gira a rasa ido. Wannan tulin kuma yana danne mafitsara, sai fitsarin ma ya ƙi riƙuwa.

Ki lura da waɗannan: yana yi ƙasa da sau 3 a mako, ko yana fitowa kamar na awaki, ko ƙato mai toshe masai, ko yana ɗage ƙafa yana harɗe cinya yana laɓewa bayan kujera. Wannan harɗewar ba yunƙuri ba ne, riƙewa yake yi. Akwai wani jadawalin hotuna da aka fitar a Biristol ta Ingila a 1997, ya kasa kashi gida 7. Na 4, mai laushi kamar ayaba, shi ake nema, na 1 da na 2 kuwa tauri ne. Idan kin ga alama, ki kai shi wajen likita kafin komai. Maganin da aka fi farawa da shi garin makurogol ne da ake damawa a ruwa, a fara da adadi mai yawa don a kwashe tulin, sannan a rage. Kuskuren da ake yi shi ne dainawa da zarar an ga ya yi mai laushi kwana biyu. Hanjin da ya saki yana ɗaukar watanni kafin ya koma yadda yake, kuma likita ne zai faɗi lokacin janyewa.

In ciki ya daidaita, ki ɗauki mako ɗaya ba ki koya masa komai ba, rubutu kawai. Duk bayan minti 30 ki duba, ki rubuta a bushe yake ko a jiƙe, da lokacin da ya ci ko ya sha. Famfas na zamani yana shanye jiƙa har ba a ganewa, saboda haka ki shimfiɗa ɗan ƙyalle ko tishu a ciki. Takardar nan za ta nuna miki tazararsa. Mafitsarar yaro ana ƙiyasta ta da shekarunsa a ƙara ɗaya a ninka da 30, wato ɗan shekara 4 yana riƙe kusan mililita 150. Kada ki rage masa ruwa don wai fitsarin ya ragu. Fitsari mai kauri yana tsokanar mafitsara, kuma mafitsarar da ba ta cika ba ba ta koyon riƙewa. Kofuna 6 zuwa 8 a yini, kusan lita ɗaya da ɗan ɗori, a rarraba.

Ihun da yake yi kuma yana da dalili, ki nemo shi. Wani ƙarar ruwan da ake kora masai ce ke firgita shi, wani amsa-kuwwar ɗakin, wani sanyin mazaunin, wani warin sabulun wanki, wani fantsamar ruwa a jikinsa. Na ƙarshen sai a jefa tishu a ramin tukuna. Amma wani babban dalili shi ne ƙafa na reto. Yaron da yake jin kamar zai faɗa rami ba zai saki jikinsa ba, kuma ba a fitsari da jiki a ɗaure. A sa masa ɗan mazaunin yara a kan masai, da matakin da zai ɗora tafin ƙafarsa gaba ɗaya, gwiwa ta ɗan fi ƙugu tsawo. In masai na tsuguno ne, yanayin jikin ya riga ya yi daidai, abin riƙewa kawai zai nema. A ra'ayina, ɗan shekara 4 gara a wuce da shi masai kai tsaye. Yaron da ke manne wa abin da ya saba, in ya koyi fo, wata rana sai an sake sabon aiki don raba shi da fo ɗin. In dole sai fo, to ya zauna a banɗaki, ban da falo. Canjin famfas ma daga yau a can za a riƙa yi, yana tsaye, ya ga an juye kashin a masai.

Tunda ya riga ya tsorata, farkon aikin zama ne kawai, da wandonsa ma. Daƙiƙa 5, ki yaba, ya tashi. Gobe 10, jibi 20, har ya kai minti 3. Kada a taɓa danne shi, kuma kada zaman ya wuce minti 5. Bayan nan ki zaɓi kwanakin da kike gida, ki cire famfas da rana, ki sa masa ɗan kamfai da wando mai roba. Idan takardarki ta nuna yana jiƙewa duk bayan awa ɗaya, ki kai shi a minti 45. Kada ki tambaye shi ko zai yi, domin amsar a'a ce. Ki nuna masa hoton masai, ki faɗi kalma ɗaya, ku tafi. Kalmar nan da hoton nan su za ku yi amfani da su, ke da mahaifinsa da malamarsa, kada wani ya ce fitsari wani ya ce banɗaki. Kashi kuma ki nufe shi minti 15 zuwa 30 bayan cin abinci, lokacin da hanji ke motsawa da kansa. Ba shi abin hurawa, kamar kumfar sabulu, yana taimakawa wajen turowa.

Wannan tsari na kai yaro bisa agogo da ba shi tukuici ya samo asali ne daga aikin da Nathan Azrin da Richard Foxx suka wallafa a Amurka a 1971. Nasu yana da ɓangaren horo in an yi kuskure, wanda yanzu an fi yar da shi. Tukuicin dai ya tsaya, kuma shi ma ana ɓata shi. Ya zama abin da yake mutuwar so, wanda ba ya samu sai a nan, kuma ya shiga hannunsa cikin daƙiƙu kaɗan da gama fitsarin, saboda haka a banɗakin za ki ajiye shi. Alkawarin za a saya maka gobe ba ya aiki. Ki kuma bari ya gama; guɗa a tsakiyar fitsari takan sa ya ɗauke.

In ya yi a wando, fuska a sake, murya a ƙasa, a kai shi banɗaki a canza. Duka da faɗa suna koya masa ɓuya da riƙewa, sai a koma gidan jiya. Dariya da dogon surutu ma wani yaron tukuici ne a wajensa. Idan ya kwana 3 a jere ba kuskure, ki ƙara minti 15 a tazarar.

Kashi yakan biyo baya da nisa, kuma da yawa sukan riƙe sai an mayar musu famfas. Kada ki hana shi, domin hanawar tauri take haifarwa. Ki sa masa, amma a cikin banɗaki zai yi. Bayan kwanaki, ya zauna a kan masai da famfas ɗin a jikinsa. Daga nan ki sassauta shi, ko ki huda ƙasansa, ki riƙa faɗaɗa hudar har ya zama ba amfaninsa. Kowane mataki sai ya zauna daram kafin na gaba.

Akwai wani tarko: yaro ya bushe sarai amma bai taɓa nema da kansa ba, sai an kai shi. Maganinsa shi ne tun farko shi zai miƙo miki hoton kafin ku tafi, ko da kin kama hannunsa ne, sannan ki riƙa janye taimakon. Hotunan matakai a bango, daga sauke wando zuwa wanke hannu, suna rage masa dogaro da muryarki. Masu ADHD kuwa, wato matsalar rashin tattara hankali da yawan ƙiriniya, tasu ta ɗan bambanta: suna ji, amma wasa ya tafi da hankalinsu sai ya kufce, ko su tashi ba su gama ba. Su ƙararrawar agogo da ƙirga 20 kafin tashi ta fi yi musu.

Dare ki bar shi tukuna. Bushewar dare ta dogara da wani sinadarin jiki da ke rage haɗa fitsari lokacin barci, ba koyarwa ce ke kawo ta ba, shi ya sa likitoci ba sa ɗaukar fitsarin kwance a matsayin matsala kafin shekara 5. In kuma ya iya sannan ya koma baya, ki fara zargin tauri, sai ƙwayoyin cuta a mafitsara, sai wani canji a gida ko makaranta. Zafin fitsari, zazzaɓi, jini, ɗigar fitsari da ba ta tsayawa, raunin ƙafa, ko ƙishirwa mai yawa tare da rama, waɗannan a ajiye koyarwa a tafi asibiti. Ki tafi da takardar nan ta mako ɗaya, za ta taƙaita wa likita tambayoyi.